Zare: "Me kake sa wa a ƙugiya?"

1/
Jiya na ɗora hoton tarwaɗar nan da na kamo, mutum ya fi goma ya yi mini tambaya ɗaya: "Malam, me kake sa wa a ƙugiya?" Na rubuta "tana", sai na goge, don rabin gaskiya ce. Amsar tana da tsawo, kuma akwai abin kunyata a cikinta. Ku gyara zama, ga zare.

2/
Ni ɗan cikin gari ne, a gindin Dala aka haife ni. Duk danginmu 'yan kasuwa ne da malamai, mutum ɗaya ne ya fita daban: Kawu, yayan Ummanmu. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma zuciyarsa tana bakin ruwa. Tun ina yaro na san shi da tsohon keke, bokitin fenti a rataye, da sandar gora ɗaure a jikin keken.

3/
Da yawanku ba ku sani ba, cikin birnin Kano gari ne na ruwa a da. Ramukan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa su ne suka zama kududdufai. Ga kuma Jakara da ta ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi ta fita har Wasai. A nan Kawu ya koyi fatsa. Yanzu an cike yawancin kududdufan an yi gidaje da shaguna, Jakara kuma an shimfiɗa titi a kan wani sashenta.

4/
Ga abin kunyar. Ina aji biyar a sakandare, muna zaune a majalisa da abokai, Kawu ya biyo a kan keke, ƙarnin kifi na tashi daga bokitinsa. Ya rage gudu ya kira sunana. Wani a cikinmu ya toshe hanci, aka yi dariya. Ni kuma na sunkuyar da kai a kan waya kamar ban ji ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya taka kekensa ya wuce. Bai taɓa ɗaga maganar ba.

5/
Sai 2022 ta zo. Kun tuna yajin aikin malaman jami'a, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Ina aji ɗaya a lokacin. Barci, majalisa, waya, barci. A haka YouTube ya jefo mini bidiyon wasu Turawan Ingila masu fatsa a Kogin Trent da Kogin Wye, suna farautar wani kifi mai gashin baki da suke kira barbel. Daga bidiyo ɗaya na koma ƙarar da data a kansu.

6/
Abin da ya tafi da ni kayan aikinsu ne. Sanda mai sheƙi, ɗan injin naɗe zare, akwati cike da tarkace kala-kala. Na ce ashe haka ake fatsa, Kawu wahala kawai yake sha. Na ɗauki dubu goma sha takwas da nake tarawa don gyaran gilashin kwamfutata, na sayi sanda mai inji ta hannu da kifin roba guda uku a wajen wani a Sabon Gari. Umma ba ta sani ba.

7/
Na je na samu Kawu a zaure yana ɗinki. Na ce, "Kawu, ranar Asabar zan bi ka kogi." Ya ɗaga kai ya kalli sandar, ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, "Masha Allah, kyakkyawa ce. Kifin ya san kuɗinta?" Na yi dariya kawai. A raina na ce za ka gani.

8/
Tamburawa muka je, kan hanyar Zariya, wajen gadar Kogin Challawa. Ƙasa da nan ne yake haɗuwa da Kogin Kano, su wuce ta Wudil su nufi Haɗeja. Watan Maris ne, ruwa ya ja baya, garau da shi har kana hango yashin ƙasa. Muna sauka na fara jifa. Kawu kuwa ya kafa wani ɗan tsinke a daidai inda ruwa ya tsaya, ya tsoma hannu a ruwan, ya koma ya zauna.

9/
Ya fi minti ashirin bai taɓa ƙugiya ba. Na ce, "Kawu, rana fa na yi." Ya ce, "Ɗan boko, ba ka gaisa da ruwa ba, za ka roƙe shi abinci?" Ranar har azahar ina jifa da kifin roba, ko taɓawa babu. Shi da sandar gora, guntun karan dawa da tana ya cire karfasa goma sha ɗaya. A mota ban ce uffan ba.

10/
Sai a zuwa na uku na sauke girman kai na tambaye shi mece ce gaisuwar. Ya ce tambaya uku ce. Wane launi ruwan yake yau? Ƙaruwa yake ko raguwa? Da sanyi ko da ɗumi? Tsinken nan shi ke ba shi amsa ta biyu, hannunsa ta uku, idonsa ta farko. Sai ya samu amsoshin sannan yake zaɓar zare, ƙugiya da abincin da zai saƙala.

11/
Na ce to a rani me zai ƙara ruwa, ba a yi sama ba? Ya ce kogin nan ba na zamanin babansa ba ne. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma da ke Ƙaraye a 1992. Tun daga nan ana iya sako ruwa daga sama, ka ga kogi ya hau alhali gari ko gajimare babu. Shi ya sa ba ya yarda da kalanda, sai tsinke.

12/
Bari in bi muku yanayi ɗaya bayan ɗaya, yadda na gani a wata takwas ɗin nan.

BAZARA. Ruwa kaɗan, garau, ga zafi. Kifi yana ganinka kafin ka gan shi. Zare mafi siriri, ƙugiya ƙarama, dalma 'yar mitsitsiya ko babu ma. Kada inuwarka ta faɗa ruwa, kada ka buga ƙafa a gaɓa. Farar riga ma Kawu hana ni sawa ya yi.

13/
Ga abin da ke rikita sabon shiga a wajen sayen ƙugiya: lambarta juye take. Lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Karfasa bakinta ƙarami ne, kuma da ido take cin abinci, don haka 12 ko 14 ce tata. Rabin tana ya isa, ko ɗan curin fulawa da aka kwaɓa da garin ƙuli-ƙuli. Ka cika ƙugiya da abinci, ta tsattsage shi ta gefe ta bar maka ƙarfe.

14/
Lokaci kuma sassafe ne ko dab da magariba. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa sosai, don haka da rana sai su koma gurbi mai zurfi su lafe. Azumin shekarar a Afrilu ya faɗo, muna yin asuba mu kama hanya, ƙarfe tara mun naɗe. Wahalar bazara ɗaya ce: tana ta nutse ƙasa. Sai a lambu, gefen kwalbatin ban ruwa, muke samu.

15/
FARKON DAMINA. A Yuni aka yi ruwan da ya sauya komai. Muka iske kogi ja wur kamar kunun kanwa. Na ce yau kam asarar kuɗin mota muka yi. Kawu kuwa murmushi yake har kunne. Ya ce yau ranar masu gashin baki ce. Ya kwance siririn zaren nan, ya ɗaura mai kauri da ƙugiya lamba 6.

16/
Dalili: tarwaɗa ba ta dogara da ido ba. Gashin bakin nan guda takwas da shi take shafa da ɗanɗana abin da ke ƙasan ruwa. Ruwa ya yi duhu, ita ta samu gari. Kaurin zare bai dame ta ba, wari take bi. Sai a cusa mata tana uku ko huɗu a dunƙule, ko hanjin kaza da ya kwana. Wasu masunta har sabulu suke yankawa su saƙala.

17/
Wuri ma ya sauya. Ba tsakiyar kogi ba, sai bakin kwari, inda ruwan gona ke gangarowa ya shiga kogi ɗauke da tana, gara da ƙwari. Kifi ya san nan ne ake rabon abinci. A nan na kama tarwaɗata ta farko, da sandar gorar Kawu, tawa mai inji tana jingine a bishiya. Hannuna har rawa yake.

18/
Idan shinge ya fito da dare, yaran unguwa suna tara shi a kwano ƙarƙashin fitila, ku roƙi kaɗan. Washegari ka saƙala ɗaya a ƙaramar ƙugiya ba dalma, ka bar shi yana yawo a saman ruwa. Kawara ba ta iya haƙuri da shi. Ƙa'idar Kawu ke nan: abin da ruwa ke kawo wa kifi a makon, shi za ka ba shi.

19/
A Yunin nan ne ya kama wata tarwaɗa cikinta ya kumbura da ƙwai, ya cire ƙugiyar a hankali ya mayar da ita. Na ce, "Haba Kawu, wannan ai miyar kwana biyu ce." Ya ce, "Ta baɗi fa?" Sai daga baya na san a Ingila doka ce ma: daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ba a fatsar irin waɗannan kifaye a kogunansu, don lokacin ƙwai ne.

20/
Wannan ya sa na koma na sake kallon bidiyoyin nan, wannan karon da kunne. Ashe abin da suke faɗa ke nan tun farko. Kogi ya cika ya yi duhu, su sa dalma mai nauyi da ƙaton yankan naman gwangwani mai wari. Ruwa ya ragu ya yi garau, su koma siririn zare da tsutsa. Maganar Kawu ce sak da wani harshe. Ni sandar kawai na tsaya kallo.

21/
MARKA. Agusta zuwa Satumba, kogi ya cika ya batse, yana tafe da itace da shara. Nan karan dawa ba shi da amfani, ruwa zai tafi da shi. A ƙasa ake ajiye abinci. Dalmar kasuwa ba ta isa, sai Kawu ya ɗaura tsohon fulogin babur ko ƙaton noti. In ya maƙale a ƙasa ya tsinke, ba ka yi asarar komai ba.

22/
Kuma ba a jifa cikin igiyar ruwa. Kifi ma ba ya son wahala. Ka nemi inda ruwa ya juyo ya lafa, bayan dutse, bayan kututture, ko cikin ciyawar da ruwa ya hau. Sau da yawa taku biyu ne daga ƙafarka. A irin nan ake samun ragon ruwa da manyan tarwaɗa. A nan kuma ƙurungu ke sace abinci.

23/
Maganar ƙurungu: in ka ciro shi za ka ji yana ƙara, ya miƙe ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, ya kulle su. Kada ka damƙe shi kamar karfasa. Ni na yi, na kwana biyu ban iya riƙe cokali ba. Ta bayan ƙayoyin ake kama shi, ko a danne shi da silifa a cire ƙugiyar.

24/
Yanzu ga ranar da ba na mantawa. Ƙarshen Agusta, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna sosai a Jigawa. Na samu wata gaɓa mai tsayi, na kafa sandata mai inji, na ajiye jaka, ina jin daɗin wurin. Kawu yana can ƙasa. Sai na ji ya kira sunana da wata murya da ban taɓa ji ba: "Baro nan! Bar kayan!"

25/
Na yi tsalle baya, ina shirin yin mita. Ban rufe baki ba gaɓar ta tsage ta zauna cikin ruwa, da sandar, da jakar, da kifin roba uku da ko sau ɗaya ba su kama komai ba. Ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashinta, ni ina sama ban sani ba. Shi daga inda yake ya ga ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan. Ban iya iyo ba, jama'a.

26/
Na zauna a ƙasa jikina na ɓari. Kawu bai yi faɗa ba. Ya je ya duba tsinkensa, ruwa ya shanye shi. Ya ce, "Tashi mu tafi, yau ba namu ba ne." A hanya ya ce in bar masa maganar Umma. Har yau ban san me ya faɗa mata ba, amma ba ta hana ni komawa ba. Gilashin kwamfuta kuwa sai da na shekara ina leƙe ta gefen tsaga.

27/
Don Allah masu sha'awa ku riƙe waɗannan. Kada ka je kogi kai kaɗai da damina. Kada ka tsaya a gaɓa mai tsayi da ruwa ke duka. Inda ake ɗibar yashi akwai ramuka a ƙarƙashin ruwa, kada ka shiga. Ruwan da ke kwance yana sa tsargiya. Sauran kududdufan cikin gari kuma kwata ce ke zuba a ciki, Kawu da ya girma a kansu ma ba ya cin kifinsu yanzu.

28/
KAKA. Oktoba, ruwa na ja da baya yana washewa, kifi ya yi ƙiba. Tsinke ya nuna raguwa, sai a rage kaurin zare, a mayar da karan dawa. Fara ta cika gonaki, ita ce abincin lokacin: a cire mata ƙafafun tsalle a soke ta ta ƙeya. Wannan ne lokacin da ko ɗan koyo ba ya dawowa da bokiti wayam.

29/
HUNTURU kuwa sai a hutun Disamba na gan shi. Jikin kifi yana bin sanyin ruwa, in ruwa ya yi sanyi cin abincinsa ya ragu. Sammako ɓata lokaci ne. Sai hantsi ya dubi ludayi, ruwa ya ɗan yi ɗumi. Abinci ɗan kaɗan, ƙugiya ƙarama, haƙuri mai yawa. Cizon ma a hankali yake, karan zai ɗan girgiza ne kawai.

30/
A Oktoban nan ne na lura da wani abu. Kawu yana ta ƙoƙarin zura zare a idon ƙugiya lamba 12, sau biyar yana kuskurewa. Ya juya mini baya don kada in gani. Sai na tuna tun watanni yake cewa, "Ɗaura mana, in ga ko ka iya." Ashe ba jarrabawa ba ce. Yana ce ta fara rufe masa ido. Ɗinkin hular ma ya rage, ban lura ba.

31/
Na karɓi ƙugiyar na ɗaura. Muka yi shiru. Can na ce, "Kawu, akwai ranar da ka kira ni a majalisa..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Na sani. Ni ma da ina kamarka na guji babana a Kurmi saboda yana ɗauke da fata. Duba karanka, ana taɓawa." Da gaske ana taɓawa. Karfasa ce, 'yar tafin hannu.

32/
An yi masa aiki a ido ɗaya bara, Alhamdulillah yana gani da shi, ɗayan muna jira. Keke kam ya ajiye. In na samu Asabar da ba lakca ba gwaji, ni nake ɗaukar bokiti, mu hau mota. Ni ne idonsa: in faɗa masa launin ruwa da inda tsinke yake, shi ya tsoma hannu, sannan ya yanke hukunci. Har yanzu ya fi ni kamawa.

33/
Na fara naɗar muryarsa a waya, sunayen kifi, sunayen guraben da ya sani, kududdufan da yanzu shaguna ne a kansu. Na tara fiye da awa shida. Ni lissafin kuɗi nake karanta, ba ilimin kifi ba, amma na duba na ga a duk danginmu ba wanda ya san ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ke kansa. Muna ta kallon bikin Argungu a waya, namu masanin yana zaure.

34/
To masu tambaya, ga amsarku. Tarwaɗar jiya: an yi ruwa daren Alhamis, kogi ya yi ja, tsinke ya nuna ƙaruwa, ruwan da ɗumi. Zare mai kauri, ƙugiya lamba 6, noti ɗaya, tana huɗu a dunƙule, a bakin kwari. In ka je da wannan haɗin a watan Maris, rana kawai za ka sha.

35/
Duka kayan ba su kai kuɗin datar sati ba. Sandar ma ta Kawu ce, ya ce in riƙe.

Kawu ya ba ni saƙo: 'yan Wudil, Haɗeja, Yawuri da Argungu, me kuke kiran ƙurungu a wajenku, kuma me kuke sa masa? Ku rubuto a ƙasa, zan karanta masa ranar Juma'a bayan masallaci.